Jalil Mammadguluzade da mujallarsa: gyara kayanka ya yi ko sauke mu raba?

Ɗan_Baku:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shekarata uku ina karatu a nan Baku, babban birnin Azarbaijan, kullum ina jin sunan wani marubuci Jalil Mammadguluzade, akwai titi da sunansa, yara na karanta shi a makaranta, amma ban taɓa damuwa ba. Makon jiya wani abokin karatuna ɗan ƙasar ya ja ni gidan da mutumin ya zauna, wanda yanzu aka mayar gidan tarihi. Na shiga ina hamma, na fito kaina ya ɗau zafi.

A taƙaice, shi ne ya kafa wata mujallar barkwanci mai suna Molla Nasraddin, ya kuma zama editanta. Fitowarta ta farko ranar 7 ga Afrilu 1906 ce a Tiflis, garin da yanzu ake kira Tibilisi, babban birnin Jojiya. Lokacin duk yankin yana hannun sarkin Rasha. Shafi takwas ce kacal, kusan rabi zane-zane. Babu wanda ta bari: attajirai, masu mulki, 'yan boko masu ƙyamar harshen uwa, malaman tsibbu, iyayen da ke hana 'ya'ya mata karatu. Ta rayu har 1931.

Abin da ya hana ni barci shi ne bangon fitowar farko. An zana mutane kwance suna sharar barci, Mulla yana tsaye a kansu yana kallo. A sharhin farko kuma ya ce wa masu karatu, in kun yi dariya har da hawaye kada ku zaci Mulla kuke wa dariya, ku ɗauko madubi ku duba.

Tambayata: mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yi wa al'ummarsa ba'a a bainar jama'a, mai kishinta ne ko mai tona mata asiri? Kuma da a wajenmu aka yi shi, da ya kai shekara?

Bakatsine77:
Shekara? Malam da ya kai sallar la'asar ma ya yi ƙoƙari.

MalamSani_Zariya:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Kafin a yanke masa hukunci a san daga ina ya fito. Ɗan garin Nahciwan ne a Azarbaijan, ba ɗan sarauta ba, ba ɗan attajiri ba. Ya yi makarantar horon malamai ta Gori a Jojiya, ya gama a 1887, daga nan ya yi kusan shekara goma yana koyarwa a makarantun ƙauye. Ni da na yi shekara talatin da alli a hannu, na san abin da malamin ƙauye yake gani: yaron da ya fi kowa ƙwaƙwalwa a cire shi a kai gona, yarinyar da ta fara haɗa baƙi a aurar da ita. Duk abin da ya zuba a mujalla daga baya, a can ya tara shi.

Sai a 1903 ya koma Tiflis ya shiga aikin jarida a wata jarida mai suna Sharƙi Rus. Da aka rufe ta, shi da abokinsa Umar Fa'iƙ Nemanzade suka karɓi maɗaba'ar suka ci gaba da ita. Juyin 1905 ya girgiza gwamnatin Rasha har ta ɗan sassauta wa 'yan jarida, su kuma suka kutsa ta wannan 'yar kafar. Da ba don wannan sassaucin ba, da ba a ba su izini ba.

AbuHuzaifa:
Allah ya gafarta Malam, tarihi ya yi kyau, amma a faɗi ɗaya ɓangaren. Na duba zanen mujallar nan a intanet bayan na ga wannan maganar. Ba masu tsibbu kaɗai ake zanawa ba. Kusan duk mai rawani da ka gani a ciki, ko dai ƙaton tumbi gare shi ko yana bin ƙaramar yarinya da ido. Lulluɓin mata ma sun yi masa ba'a. Kuma su waye masu zanen? Oskar Shmerling da Yosef Rotter, ba Musulmi ba ne. Wato ka ɗauko bare ka ba shi alƙalami ya zana malamanka a matsayin abin dariya, Rashawan da ke mulkinku suna gani. Wannan ba nasiha ba ce. Nasiha a ɓoye ake yin ta.

Ummu_Khalil:
@AbuHuzaifa, nasiha a ɓoye ga mutum ɗaya ake yi. In cuta ta game gari fa, kunnen wa za ka raɗa wa? Yarinya 'yar shekara tara da aka kai gidan tsoho, ta jira har a gama nasiha a ɓoye?

AbuHuzaifa:
Hajiya ban ce a yi shiru ba. Na ce akwai bambanci tsakanin ka soki ɓarna da ka mai da alamar addini abin dariya. Yaro da ya tashi yana ganin rawani yana dariya, gobe ba zai tsaya tantance na kirki da na banza ba.

Ɗan_Baku:
Gyara kaɗan, ɗan'uwa. Gaskiya ne waɗannan biyun su ne manyan masu zane na farko, amma akwai Azim Azimzade, ɗan Baku ne kuma Musulmi, ya yi wa mujallar zane tun shekarun farko, daga baya ma shi ya zama babban mai zanenta. Kuma abin da za a zana daga ɗakin edita yake fitowa. In akwai laifi, na Jalil ne da abokan aikinsa, ba na wanda aka ba aikin hannu ba.

Tsohon_Ɗanjarida:
Ku bar ni in yi magana a kan aikin edita, don nan ne nake ganin ba a ba mutumin haƙƙinsa. Rubuta abin dariya daban, riƙe mujalla daban. Edita shi ke neman kuɗin takarda, shi ke zuwa gaban jami'in tace labarai, shi ke lallashin marubucin da ya yi fushi don an yanke masa layi biyu, shi ne kuma sunansa ke ƙasan shafi in an zo kamu. Marubutan Molla Nasraddin da sunayen aro suke rubutu. Babban mawaƙinsu, Mirza Alakbar Sabir, yana can garin Shamahi yana dafa sabulu yana sayarwa, yana aiko da waƙoƙi da sunan Hophop, wato alhudahuda. Shi yana ɓoye a bayan tsuntsu, amma Jalil kowa ya san ƙofar ofishinsa.

Kuma dabararsa ta zane ba don ado ba ce. Yawancin mutanensa ba su iya karatu ba. Mutum ɗaya zai karanta a shagon shayi, goma suna saurare, hoton kuma kowa ya gane shi ba sai an fassara ba.

Ni kaina na taɓa aiki a wata jarida a shekarun mulkin soja. Mai zanenmu ya zana wani babba yana aune hatsi da mudu mai huji a gindi. Ba suna, ba fuska sosai, hula kawai. Editanmu ya kalla ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya buɗe aljihun tebur ya jefa ya kulle. Ya ce mini yana da 'ya'ya bakwai. Ban zarge shi ba a lokacin, yanzu ma ban zarge shi ba. Amma shi ya sa in na ji an ce wani ya riƙe irin wannan mujalla shekara ashirin da biyar, nake cire hula.

Bakatsine77:
Baba ina zanen yake yanzu? Ai mudun bai daina yoyo ba, a fito da shi.

Tsohon_Ɗanjarida:
Gara ta cinye shi tare da teburin.

Hauwa_Damagaram:
Ni tambaya gare ni. Shi wannan Mulla Nasiruddin ɗin da aka sa wa mujallar sunansa, ba shi ne mai jakin nan ba? Wanda Larabawa ke ba da irin labaransa da sunan Juha?

MalamSani_Zariya:
Shi ne, 'yata. Turkawa na ce masa Nasiruddin Hoja, har kabari suke nunawa nasa a garin Akshehir. Mutum ne da ba ka gane wawa ne ko mai wayo. Zaɓen sunan ma hikima ce: an san shi tun daga Istambul har Bukhara, kuma an saba yafe masa baki. Da wasa ake gaya wa wawa magana, shi kuma ya juya abin, ya sa rigar wawa don ya gaya wa masu hankali.

Bagobiri_na_Asali:
To ai mu ma muna da namu, ba sai an je Rasha ba. 'Yan kama fa? Mutum ya naɗa rawani ya ɗauko ƙira'ar malamai yana jan baƙi a kan tuwo da miya, malaman suna zaune suna dariya har su ba shi kyauta. Tashe fa? Yara su sa gemun auduga su kwaikwayi tsoho mai budurwar zuciya a ƙofar gidansa. Ga wasan taubasai, ga na Fulani da Barebari. Ba wanda ya ce an ci mutuncin addini.

AbuHuzaifa:
Ka kawo mini hujja da kanka. Ɗan kama yana yi malam yana wurin, kowa ya san wasa ne, an tashi an watse. Ba ya cewa a cire rawanin. Wancan kuwa manufa gare shi, so yake a sauya al'umma gaba ɗaya ta koma kamar Turai.

Bagobiri_na_Asali:
Wannan kuma gaskiya ne, ban musa ba. Namu wasan yana da shinge. Ka zagi Bafillatani da safe ku sha fura tare da rana. Amma fa shi ya sa ba ya canza komai.

Ummu_Khalil:
Tunda an yi ta maganar maza, bari in shigo da matarsa, don ni ita ta fi burge ni. Hamida Jawanshir, jinin sarakunan yankin Ƙarabag na Azarbaijan ce, ta gaji gonaki daga mahaifinta a ƙauyen Kahrizli tana gudanar da su da kanta. Sun yi aure a 1907. Ta buɗe makaranta a ƙauyen, maza da mata suna karatu. Lokacin da Sabir ya kwanta ciwo, su suka ɗauke shi zuwa Tiflis neman magani, ita ta yi ta ɗawainiya da shi kafin ya rasu a 1911. Bayan mutuwar mijinta kuma ta zauna ta rubuta tarihin zamansu. Don haka ba mutum ne mai ihun karatun mata a takarda yana kulle tasa a gida ba. Namu da yawa a Facebook suke kare haƙƙin mata, a gida ko kuɗin makarantar islamiyya sai an yi rigima.

Bakatsine77:
Hajiya a yi mana a hankali, wasunmu matanmu na cikin zauren nan.

Ɗan_Baku:
Bari in ba ku labarin wasan kwaikwayonsa da abokina ya fassara mini, don ya shafi maganar @AbuHuzaifa kai tsaye. Sunansa Matattu, ya rubuta a 1909, aka fara nuna shi a Baku a 1916. Wani Shehu Nasrullah ya sauka a gari aka ce yana tayar da matattu. Gari ya ruɗe, kowa na murna, ana kai masa 'yan mata ƙanana yana aura. Da aka ce to kowa ya kawo sunan mamacin da yake so a tayar masa, sai aka fara zamewa. Wannan ya cinye gadon ɗan'uwansa, wancan ya san yadda matarsa ta mutu a hannunsa. Kowa ya samo dalilin da zai sa nasa ya ci gaba da kwanciya. Mutum ɗaya ne a garin yake faɗin gaskiya, Iskandar, shi kuma mashayi ne, ba mai jin maganarsa. A ƙarshe Shehu ya sulale.

Ni a ganina ba Shehun ne abin sukar ba sosai. Mutanen garin ne.

Hauwa_Damagaram:
Wallahi an yi irin wannan a unguwarmu, sai dai shi ba matattu yake tayarwa ba, kuɗi yake ninkawa. Wata ƙawar mahaifiyata ta sayar da ɗan kunnenta na zinariya ta kai. Da ya gudu ba wanda ya kai ƙara, kowa kunya yake ji a san ya kai nasa.

AbuHuzaifa:
Labarin yana da ma'ana, ban ƙi ba, kuma malaman sunna sun fi kowa yaƙar irin waɗannan maƙaryata. Amma ku lura da wanda ya zaɓa ya sa gaskiya a bakinsa. Duk garin ba a samu mai salla ɗaya mai hankali ba sai mashayi? Wannan zaɓin saƙo ne.

MalamSani_Zariya:
Ka iya karatu, Abu Huzaifa, wannan lura ce mai kyau. Ni yadda na fahimta, so yake ya ce garin ya lalace har mai hankali ba shi da wurin zama sai kwalba. Amma ba zan ce fahimtarka ba ta da tushe ba.

Game da cewa so yake su koma Turawa, a nan ne ban yarda ba. Yana da wani wasan, Littafin Mahaifiyata, a kan 'yan'uwa uku uwa ɗaya uba ɗaya. Ɗaya ya yi karatun Rasha, ɗaya karatun addini da Farisanci da Larabci a bakinsa, ɗaya ya dawo daga Istambul da Turkancin fada. Suna gida ɗaya ba sa fahimtar juna, uwarsu kuma ba ta gane ko ɗayansu. Ƙanwarsu ce ta tattara littattafansu ta cinna musu wuta. Wanda ya yi karatun Rasha bai tsira ba ko kaɗan. Ku gaya mini ba ku san gidan da ɗaya ya dawo daga Landan, ɗaya daga Madina, ɗaya daga Alƙahira, tsohuwa tana zaune tana rarraba ido ba. Mujallar ma da harshen kasuwa ya rubuta ta, irin wanda uwa ke yi wa jariri waƙa da shi, lokacin da masu ilimi ke ganin rubutu da shi ƙasƙanci ne.

Sadiq_Kumasi:
Malam wannan ya taɓa ni. Mu nan Zango yaranmu Turanci da Tuwi suke yi, Hausar sai in kaka ta kira su cin abinci.

Tsohon_Ɗanjarida:
Wani zai ce a kwatanta shi da Abubakar Imam, tunda shi ma malamin makaranta ne da ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma ya iya raha da sauƙin harshe. Akwai kama ta nan. Amma Imam jaridar hukuma ya riƙe, kuma ɗan gidan malamai ne, gugar zanarsa a hankali take tafiya. Jalil da gatari ya fito.

AbuHuzaifa:
To a faɗi ƙarshen labarin mana. Ina gatarin ya kai shi? Na karanta cewa da 'yan kwaminis suka karɓi ƙasar, mujallar ta koma hannunsu.

Ɗan_Baku:
Haka ne, kuma ba zan ɓoye ba. Sojojin Bolshebik, wato 'yan kwaminis na Rasha, sun shiga Baku a Afrilun 1920. A shekarar ya kwashi iyalinsa ya tsallaka Tabriz a Iran, ya fitar da bugu takwas a can a 1921. Sai aka gayyato shi ya dawo, mujallar ta ci gaba a Baku daga 1922. To yanzu gwamnati ce mai takarda, ita ce mai maɗaba'a. A hankali aka mayar da ita makamin yaƙi da addini, har a 1931 sunan Molla Nasraddin ya ɓace, wata mai suna Allahsiz, wato marar Allah, ta maye gurbinta. Shi bai bi su cikin wannan ba. Ya rasu ranar 4 ga Janairu 1932. Duka-duka an buga fitowa sama da ɗari bakwai.

AbuHuzaifa:
Alhamdu lillahi da ka faɗa da bakinka. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shekara goma sha huɗu yana sassaƙa musu ƙota, da suka zo sai suka sa ruwan gatari kawai. Malaman da ya yi ta zanawa da tumbi, a ƙarƙashin Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyat, rufe masallatansu aka yi, aka ɗaure wasu aka harbe wasu.

Ummu_Khalil:
Kuma abokinsa Umar Fa'iƙ da suka kafa mujallar tare, shi ma a 1937 aka harbe shi. Stalin bai tambayi wa ke da rawani wa ke da alƙalami ba. Ba za ka ɗora wa mutumin da ya mutu a 1932 abin da aka yi bayansa ba.

Tsohon_Ɗanjarida:
Ni abin da na gani a nan ya fi ƙarfin wa ke da laifi. A 1906 in ya zana malami ko attajiri, mai ƙarfi ya taɓa, don suna iya tara masa jama'a, kuma an yi ta yi masa barazana, Iran ma ta hana shigar da mujallar sai a ɓoye ake tsallakawa da ita. A 1928 in aka zana malamin nan dai, wanda ke ƙasa ake takawa, mai ƙarfin yana ofishin jam'iyya ba mai iya zana shi. Zanen bai canza ba, wanda ke riƙe da bulala ne ya canza. Na tabbata edita irinsa ya gane haka tun kafin kowa ya gaya masa.

Bagobiri_na_Asali:
Baba wannan magana taka sai na kwana ina juya ta.

Sadiq_Kumasi:
Tambaya a gefe: da wane rubutu ake buga ta? Na ga hotunan kamar ajami.

MalamSani_Zariya:
Da baƙaƙen Larabci aka fara, kamar ajaminmu. Shi kansa yana cikin masu goyon bayan a koma baƙaƙen Latin, aka kuma koma a 1929. Bayan kamar shekara goma Mosko ta ce a koma baƙaƙen Rasha, da suka sami 'yanci a 1991 suka sake dawowa Latin. Jikan mai karanta mujallar ba ya iya karanta ta yau sai an juya masa. Mu sau ɗaya aka sauya mana daga ajami zuwa boko muna ta kuka har yanzu.

Hauwa_Damagaram:
To a koma tambayar farko. Ni dai na ce mai kishi ne, amma ba zan so a ce ni aka zana ba.

Bakatsine77:
Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ni a zana ni, in dai za a rage mini tumbi.

AbuHuzaifa:
Ni ina nan a kan bakana. Niyyarsa tsakaninsa da Ubangijinsa, ban shiga ba. Hanyar ce ban yarda da ita ba. Amma @Ɗan_Baku in akwai fassarar wasan 'yan'uwan nan uku da Turanci ko Larabci, ka turo mini, ina so in karanta da kaina.

Ɗan_Baku:
Zan tambaya a ɗakin karatu ranar Litinin in Allah ya kai mu. Akwai ma wani gajeren labarinsa na wani baƙauye, Nauruzali, da ubangidansa ya aika ya jefa wasiƙa a akwatin gidan waya. Ya jefa, ya tsaya gadi, da ma'aikacin gidan waya ya zo kwashewa sai ya ɗauka ɓarawo ne ya rufe shi da duka, aka ɗaure shi wata uku. In na samu zan haɗa da shi.

Sadiq_Kumasi:
A sa ni a layi. Malam Sani, wancan zancen na ajami a buɗe masa nasa zauren daban, ina da tambayoyi.

MalamSani_Zariya:
Sai bayan isha'i, yanzu an kawo wuta zan yi guga.